Yadda ake zaɓa wa kifin siklid abokan zama a tankin gilashi na gida

Kifin siklid na daga cikin kifayen ado da masu kiwo a tankin gilashi suka fi sha'awa a duniya, saboda kyawun launinsa da wayonsa da kuma yadda yake kula da 'ya'yansa. Haka kuma yana cikin waɗanda suka fi jawo wa sabon mai kiwo asara, domin nau'o'insa da dama mafaɗata ne. Idan aka haɗa su da kifin da bai dace ba, sukan yayyaga masa fikafikai, su hana shi cin abinci har ya rame ya mutu, wani lokaci ma su haɗiye shi ɗungurungum cikin dare ɗaya.

Tushen matsalar shi ne, siklid sunan dangi ne guda, mai 'ya'ya da yawa waɗanda halayensu suka sha bamban. Masana sun tantance fiye da nau'i 1,600 a cikinsa, waɗanda ke zaune a Afirka da tsibirin Madagaska da Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya da wasu sassan Gabas ta Tsakiya da kudancin Indiya da Siri Lanka. Akwai wanda tsawonsa bai wuce santimita 4 ba, akwai wanda ya kusa mita ɗaya. Karfasar da ake kamawa a kogunanmu da madatsun ruwa ita ma 'yar wannan dangi ce. Don haka duk wanda ya ce yana neman abokin zaman siklid, tambayar farko da za a yi masa ita ce: wane siklid? Sai an san sunan nau'in da asalin ruwan da ya fito sannan za a iya cewa wannan zai zauna da shi lafiya, wancan kuwa ba zai kai labari ba.

Abin da ke sa siklid faɗa

Faɗan siklid yana da dalilai da aka sani. Na farko shi ne mallakar wuri. Namiji yakan zaɓi wani dutse ko kogo ko filin yashi ya mayar da shi nasa, a nan yake kiwo, a nan yake jan hankalin mace, kuma duk kifin da ya ratso sai ya kore shi. A tafki, wanda aka kora yana da inda zai gudu. A tanki kuwa gilashi ne ke tare shi, sai korar ta koma duka ba ƙaƙƙautawa.

Na biyu shi ne haihuwa. Dangin siklid sun shahara da renon 'ya'yansu. Wasu sukan zuba ƙwai a kan dutse ko cikin kogo, uwa da uba su tsaya gadi. Wasu kuma uwar ce ke kwashe ƙwan ta riƙe a bakinta na kimanin mako uku, ba ta cin abincin kirki, har su ƙyanƙyashe su yi ƙwari. Kifin da ya shafe watanni bai taɓa kowa ba, ranar da ya yi ƙwai yana iya tattara duk mazauna tankin ya matse su a kusurwa ɗaya.

Na uku shi ne neman fifiko. Siklid sukan jera kansu daga babba zuwa ƙarami, kuma namiji ya fi tsananta wa namijin da ya yi kama da shi a launi da siffa, domin shi yake gani a matsayin kishiyarsa wajen neman mace da wurin kiwo.

Abubuwa huɗu da ake dubawa

Kafin a haɗa kowane kifi da siklid, akwai abubuwa huɗu da dole su zo daidai.

Ruwa: Ana auna tsamin ruwa ko kaifin kanwarsa da ma'aunin da ake kira pH. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da ita ruwa ya karkata ga tsami, sama da ita ya karkata ga kanwa. Ana kuma duba nauyin ruwa, wato yawan ma'adinan kalsiyam da magniziyam da suka narke a cikinsa. Ruwa mai nauyi shi ne irin wanda sabulu ba ya yin kumfa sosai a cikinsa, kuma yake barin farin ɓawo a gindin butar shayi. Manyan tafkunan Gabashin Afirka ruwansu mai nauyi ne, na kogin Amazon da rassansa kuwa galibi sassauƙa ne mai ɗan tsami. Kifin da aka tilasta wa zama a ruwan da ba irin nasa ba, yakan rayu, amma cikin takura, launinsa ya dushe, cuta ta yi saurin kama shi.

Girma: Ƙa'idar da masu kiwo suka yarda da ita ita ce, duk abin da zai shiga bakin siklid to abinci ne. Abin lura kuma shi ne girman da kifin zai kai idan ya manyanta, domin galibin waɗanda ake sayarwa 'ya'ya ne masu tsawon ɗan yatsa.

Hali: Sai hali ya zo ɗaya ake abota. Kifi mai sanyin jiki da dogayen fikafikai ba ya iya zama da mai zafin nama da ke kai gwauro yana kai mari a tanki, ko da kuwa bai taɓa cizonsa ba, domin kafin ya yunƙura an cinye abincin.

Abinci: Wasu siklid gansakuka suke kankara daga jikin duwatsu, hanjinsu dogo ne, an halicce shi don narkar da ganye. Wasu kuma mafarauta ne da ke cin ƙananan kifaye da ƙwari. Idan aka haɗa su wuri ɗaya, ba yadda za a yi a ba kowa nasa abinci daban, kuma mai cin ganye da ke yawan samun abinci mai nama da maiƙo yakan kamu da ciwon kumburin ciki, wanda ke kashe kifi cikin kwanaki kaɗan.

Siklid na Tafkin Malawi

Tafkin Malawi, wanda ke tsakanin ƙasashen Malawi da Tanzaniya da Mozambik, ya fi kowane tafki a duniya yawan nau'o'in kifi, kuma mafi yawansu siklid ne da ba a samun su a wani wuri. Wannan ne ya sa hukumar UNESCO ta sanya gandun da ke kudancin tafkin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1984. Ruwansa yana da pH tsakanin 7.7 da 8.6, kuma kifayensa sun fi walwala a zafin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Selsiyas. Daga nan ne mafi yawan siklid masu launin shuɗi da ruwan ɗorawa da ake gani a shagunan kifin ado suka samo asali, kuma masu kiwo sun kasa su gida uku.

Rukuni na farko su ne mbuna, kalmar da mutanen Tonga na gaɓar tafkin ke kiran kifayen da ke zama cikin duwatsu. Tsawonsu yawanci santimita 8 zuwa 15 ne, galibinsu masu cin gansakuka, kuma su ne suka fi kowa rigima. Abokin zaman mbuna mafi dacewa shi ne wani mbuna. Hanyar da aka fi bi wajen kiwonsu ta saba wa abin da mutum zai yi zato: ana zuba su da ɗan yawa da gangan. A tanki mai tsawon santimita 120 da ke ɗaukar lita 200 zuwa 240, akan sa kifi 12 zuwa 15 daga nau'i biyu ko uku. Idan kifi uku ne kawai, babban zai sa ɗaya a gaba har ya ga bayansa. Idan suna da yawa, sai faɗan ya rarrabu, ba wanda zai sha shi shi kaɗai. Sharaɗin wannan dabara shi ne na'urar tace ruwa mai ƙarfi da sauya ruwa a kai a kai, domin yawan kifi yawan ƙazanta ne.

A kowane nau'i ana son namiji ɗaya da mata uku ko huɗu, don kada ya addabi mace ɗaya. Ana kuma zaɓar nau'o'in da launinsu ya bambanta sosai. Shuɗi mai ratsin baƙi guda biyu daga nau'i daban-daban za su ɗauki juna abokan gaba, kuma suna iya barbarar juna su haifi 'ya'yan da ba su da wani asali takamaimai. Ga sabon mai kiwo, mbuna masu sauƙin kai su ne mai launin ruwan ɗorawa da masana ke kira Labidochromis caeruleus, da Pseudotropheus acei, da mai launin tsatsa Iodotropheus sprengerae. Waɗanda ya kamata ya dakata da su sai ya ƙware sun haɗa da Melanochromis auratus da demasoni, waɗanda ƙanƙantarsu ba ta hana su hallaka na gaba da su.

Rukuni na biyu su ne Aulonocara, waɗanda ake yi wa laƙabi da ɗawisu saboda ƙyallin mazansu. Suna farautar ƙananan halittu a cikin yashi, kuma sun fi mbuna natsuwa. Rukuni na uku su ne waɗanda ake kira hap, masu yawo a sararin ruwa, da dama daga cikinsu mafarauta masu kai santimita 20 zuwa 25. Ɗawisu da hap masu matsakaicin girma suna zama tare a tankin da ya kai lita 300 ko fiye. Haɗa ɗawisu da mafaɗatan mbuna kuwa yakan ƙare da ɗawisun ya ɓuya, launinsa ya kwanta. Wanda akan yi wa rangwame a nan shi ne mai ruwan ɗorawa, saboda sanyin halinsa da kuma cewa yana cin abinci iri ɗaya da su.

Daga wajen dangin siklid, wanda ya fi dacewa da kifayen Malawi shi ne ƙurungu. Masu kiwo sun fi amfani da ƙananan nau'o'insa na Tafkin Tanganyika, irin su Synodontis petricola, domin ruwansu kusan iri ɗaya ne, suna zama a ƙasa, sun fi fitowa da dare, kuma ƙayoyin da ke fikafikansu suna sa siklid ya kiyaye su. Ana sa su uku zuwa biyar, saboda sun fi sakewa a cikin 'yan uwansu. Akwai kuma ƙaramin fleko mai gashin baki da ake kira Ancistrus, mai lasar gansakuka a jikin gilashi, wanda ba ya wuce santimita 15 kuma jikinsa ke da sulke.

Akwai ƙurungu ɗaya da mai son kifayensa su hayayyafa zai yi hattara da shi, wato Synodontis multipunctatus. A shekarar 1986 masanin nan na ƙasar Japan, Tetsu Sato, ya bayyana cewa wannan kifi yana kutsawa lokacin da siklid ke zuba ƙwai ya zuba nasa. Uwar siklid sai ta kwashe duka a bakinta, ƙwan ƙurungun ya riga ƙyanƙyashewa, 'ya'yansa su cinye nata a cikin bakinta.

Siklid na Tafkin Tanganyika

Tafkin Tanganyika, wanda Tanzaniya da Kongo da Burundi da Zambiya suka kewaye, shi ne na biyu a zurfi a duniya bayan Baikal na Rasha, da zurfin kimanin mita 1,470. Yana da siklid kusan nau'i 250, kuma ruwansa ya fi na Malawi nauyi, pH ɗinsa yana kaiwa 9. A nan ana tsara tanki ne bisa wurin zama. Akwai mazauna katantanwa, irin su Neolamprologus multifasciatus, waɗanda ba sa wuce santimita 5, suna kwana suna haihuwa a cikin ɓawon dodon koɗi. Akwai mazauna tsagar duwatsu, irin su Julidochromis. Akwai kuma masu yawo a sama cikin garke, wato Cyprichromis. Idan tanki ya kai santimita 120, aka tara katantanwa a gefe ɗaya, duwatsu a ɗaya gefen, aka bar fili a tsakiya, waɗannan uku suna iya zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa.

Nau'i biyu na wannan tafki suna buƙatar kulawa ta daban. Tropheus masu cin gansakuka ne zalla, cikinsu ba ya jure sauyin abinci, kuma an fi kiwonsu su kaɗai cikin garken 12 ko fiye. Furontosa kuwa, mai ƙululu a goshi, yana wuce santimita 30. Da rana ba ya da hayaniya, amma mafarauci ne da ke kama ƙananan kifaye lokacin da suke hutawa, don haka ba a haɗa shi da duk wanda zai shiga bakinsa. Galibin kifayen Tanganyika ba sa iya gogayya da mbuna wajen abinci da wuri, shi ya sa ƙwararru ke raba tafkunan biyu, kowane da tankinsa.

Siklid na Yammacin Afirka

Ɗaya daga cikin siklid da aka fi kiwo a Turai da Amurka ɗan asalin kudancin Najeriya ne da gaɓar Kamaru. Shi ne kiribensis, wanda masana ke kira Pelvicachromis pulcher. Namiji yana kai santimita 10, mace ba ta kai haka ba, kuma cikinta yakan yi ja wur idan ta shirya haihuwa. Kifin kogi ne, yana jure ruwa iri-iri, kuma yana daga cikin masu sauƙin zama da wasu. Mace da namiji guda suna wadatuwa da tankin lita 80 zuwa 100 mai tsirrai da kogo, ko da na fasasshiyar tukunyar ƙasa ne ko ƙoƙon kwakwa. Abokan zamansa su ne kifayen da ke yawo a tsakiya da saman ruwa, irin su tetra na Kongo da danio da rasbora. Kifayen da ke kiwo a ƙasa su ne ke shan wahalarsa idan ya yi 'ya'ya, domin ta ƙofar kogonsa suke bi.

Sai kuma jan siklid na dangin Hemichromis, mai ɗigo-ɗigon shuɗi kamar an yayyafa masa duwatsun ado. Kyawunsa kan ruɗi mai saye, amma idan ya yi ƙwai ba ya barin kowa ya sha iska. An fi ware wa mace da namiji tankinsu. Karfasa da tarwaɗa kuwa kifayen kududdufin kiwo ne. Karfasa tana girma da sauri, tana tone yashi tana cinye tsirrai, tarwaɗa kuma ajiye ta da kifin ado daidai yake da ba kura ajiyar nama.

Siklid na Kudancin Amurka masu sanyin hali

A kogunan Amazon da Orinoko ne ake samun siklid da suka fi dacewa da tankin haɗaka. Anjal, mai faffaɗan jiki da dogayen fikafikai, yana buƙatar tanki mai zurfin aƙalla santimita 45. Yana zama lafiya da koridoras, wato ƙananan kifaye masu gashin baki da ke kiwo a ƙasa cikin garke, da Ancistrus, da tetra masu ɗan faɗin jiki. Abubuwa biyu ake kiyayewa. Ƙaramin tetra na niyon, mai santimita 3, abinci ne ga anjal da ya girma. Kifin taiga bab kuma, mai ratsin damisa, ya shahara da tsinke fikafikan anjal.

Diskas, mai siffar faifai, yana son ruwa mai tsafta ƙwarai, sassauƙa, mai zafin digiri 28 zuwa 30. Wannan zafi ya fi ƙarfin kifaye da yawa, don haka abokan zamansa kaɗan ne: tetra na kadinal, da koridoras na Sterba, da ƙaramin siklid da ake kira ram, ɗan asalin filayen Orinoko a Benezuwela da Kolombiya. Diskas a hankali yake cin abinci, ba ya son mai wawaso, kuma ana kiwonsa cikin garken biyar ko shida.

Ram da Apistogramma, waɗanda ba sa wuce santimita 8, suna sakewa idan akwai garken ƙananan tetra a samansu. Dalili kuwa, siklid yana lura da su: muddin suna yawo a fili, ya san babu haɗari, sai ya fito daga maɓoyarsa. Masu kiwo suna amfani da wannan dabara har ga manyan siklid masu tsoro, inda suke sa garken manyan danio ko kifin bakan gizo na Ostireliya. Irin wannan garke kada ya gaza shida.

Manyan siklid da mafaɗatan Amurka ta Tsakiya

Oska ɗan Kudancin Amurka ne, amma lissafinsa daban. Ana sayar da shi yana da santimita 5, cikin shekara ɗaya ya kusa 25, daga baya ya kai 30 zuwa 35, kuma yana iya rayuwa fiye da shekara 10. Shi kaɗai yana buƙatar kimanin lita 300. Wanda ke son haɗa shi da wasu sai ya tanadi lita 450 ko fiye, ya zaɓi garken silba dola masu faɗin jiki, ko siklid mai suna seberum, ko babban fleko, wanda shi ma yana kai santimita 40.

Daga Amurka ta Tsakiya akwai konbik, wanda ratsin jikinsa ya sa aka yi masa laƙabi da fursuna. Bai wuce santimita 12 ba, amma yana haihuwa ba ji ba gani, kuma uwa da uba suna iya korar kifin da ya ninka su girma. Akwai Jak Demsi, wanda aka raɗa wa sunan ɗan damben Amurka da ya riƙe kambun duniya na masu nauyi daga 1919 zuwa 1926. Akwai kuma Thorichthys meeki mai jan maƙogwaro, wanda burgarsa ta fi cizonsa yawa. Ana iya haɗa irin waɗannan a babban tanki, ɗaya-ɗaya daga kowane nau'i, masu girma kusan ɗaya, ba tare da an bar mace da namiji sun haɗu ba. Fulawahon kuwa, wanda masu kiwo suka samar ta hanyar barbara a Malesiya a ƙarshen shekarun 1990, mafi alheri a bar shi shi kaɗai.

Haɗin da ya kamata a guje wa

Kifin zinare da kowane siklid: kifin zinare ruwan sanyi yake so, kuma jinkirinsa da dogon wutsiyarsa suna jawo masa cizo.

Mbuna da anjal ko diskas: ruwansu ya bambanta, abincinsu ya bambanta, halinsu ma haka.

Gofi da beta da ƙananan jatan lande tare da matsakaita ko manyan siklid: ko a cinye su ko a yayyaga su.

Koridoras da manyan mafarauta: idan oska ya yi ƙoƙarin haɗiye shi, ƙayar fikafikinsa tana iya maƙale masa a maƙogwaro, a rasa duka biyun.

Maza biyu kacal na nau'i ɗaya: ɗaya zai danne ɗaya har ƙarshe.

Tsarin tanki da shigar da sabon kifi

Ga siklid, faɗin ƙasan tanki ya fi zurfinsa muhimmanci, domin a ƙasa ake rabon wuri. Wanda zai sa a haɗa masa tanki yana iya lissafa abin da zai ɗauka: a ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita. Tanki mai 120 da 45 da 45 yana ɗaukar lita 243. A jera duwatsu da itace yadda za su tare gani, domin kifin da bai hango abokin gabarsa ba, ba zai bi shi ba. Maɓoya su fi kifayen yawa. A ɗora duwatsu a kan gindin tankin kafin a zuba yashi, saboda siklid matona ne, suna iya rarake ƙarƙashin dutse ya faɗo ya fasa gilashi.

Sabon tanki yana buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin halitta masu amfani su kafu a cikin na'urar tacewa, su riƙa sarrafa gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi. Wannan guba ta fi illa a ruwa mai babban pH, wato irin wanda kifayen Malawi da Tanganyika ke zaune a ciki. Ana sauya kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan a kowane mako, kuma ruwan famfo sai an sa masa maganin kashe kulorin. Ruwan rijiya da na burtsatse ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, don haka a fara auna shi, sannan a zaɓi kifin da ya dace da shi. Wannan ya fi sauƙi da arha a kan ƙoƙarin sauya ruwa don ya dace da kifi.

Sabon kifi yana fara zama a wani ƙaramin tanki na daban na mako biyu zuwa huɗu, a tabbatar ba ya ɗauke da cuta. Wajen zubawa, masu sanyin hali ne ke fara shiga, mafaɗata su zo daga ƙarshe. Ba a ƙara kifi ɗaya tilo a cikin waɗanda suka riga suka raba wuri, sai dai uku ko fiye a lokaci guda. Kafin a sake su, a ciyar da na ciki, a sauya wa duwatsu wuri yadda kowa zai koma neman sabon masauki, sannan a kashe fitilar tankin har washegari.

Yanayi ma yana shiga lissafi. A watannin bazara ruwan tanki yana iya wuce digiri 30, iskar da ke cikinsa ta ragu, kifaye kuma su ƙara zafin rai. Da hunturu kuma yakan yi sanyi da dare fiye da yadda siklid ke so, sai an sa na'urar ɗumama ruwa. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, tanki mai cunkoso irin na mbuna shi ne ke fara shiga haɗari, don haka wajibi ne a tanadi famfon iska mai batir ko a haɗa na'urorin da sola. Wanda ba shi da wannan hali, gara ya zaɓi kifi kaɗan a tanki mai faɗi.

Alamomin da ke nuna zama ya ƙi

Ɗan guje-guje da buɗe fikafikai da riƙe bakin juna na ɗan lokaci al'adar siklid ce. Abin damuwa shi ne a ga kifi ya maƙale a kusurwar sama ko bayan na'urar tacewa, fikafikansa sun yage, ɓawon jikinsa ya ɗaye, launinsa ya yi duhu ko ya kwaɗe, yana numfashi da sauri, kuma ba ya fitowa cin abinci. Kifin da ya kai wannan matsayi kwana ɗaya ko biyu na iya zama ajalinsa. A raba su nan take, da allon raba tanki ko ta hanyar cire ɗaya. An fi so a cire mai zaluncin na kimanin mako guda, a sauya tsarin duwatsu, sannan a mayar da shi a matsayin baƙo. Idan ya koma halinsa, sai a nema masa wani gida ko a mayar wa mai shago.

Duk yadda kifi ya gagara, ba a sakinsa a kogi ko dam ko kududdufi. Tafkin Biktoriya ya taɓa ƙunsar siklid kusan nau'i 500. Bayan da aka shigar da giwan ruwa cikinsa a shekarun 1950, sai ga shi zuwa shekarun 1980 an kiyasta cewa kusan nau'i 200 sun ɓace ko sun kusa ƙarewa. Baƙon kifi a ruwan da ba nasa ba yana iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Ga wanda zai fara, hanyoyi biyu ne suka fi sauƙi. Mai ƙaramin wuri ya nemi tankin lita 100, ya sa kiribensis mace da namiji tare da garken tetra ko danio takwas. Mai tankin santimita 120 da tabbatacciyar wuta kuma ya sa mbuna mai ruwan ɗorawa da acei, shida-shida, da ƙananan ƙurungu huɗu. A kowane hali, ya rubuta cikakken sunan kifin kafin ya biya kuɗi, ya binciki iyakar girmansa da ruwansa da abincinsa, kuma idan mai shago bai san sunan kifin da yake sayarwa ba, ya haƙura da shi ya nemi wani.